Abin da Kika Nema a Kwamfutata

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ba abin da ya ɓace a hanya, ba wanda ya zauna miki a kan ledar yaji.

“Wai ke wace irin uwa ce? Yarinya za ta bar gari gobe, ke kin tasa takarda a gaba kamar mai jarrabawa.” Goggonki Asabe ke nan, tana tsaye a bakin ƙofata yanzu, ƙullin kuka a hannu ɗaya, daddawa a ɗayan. Na ce mata aikin ofis nake yi. Ta ce Allah Ya shirye ni da ni da ofishin, ta koma tsakar gida tana ci gaba da cusa miki kayan miya a jaka, sai ka ce can Kudu inda aka tura ki bautar ƙasa ba a taɓa ɗora tukunya ba. Tambayarta dai tana da kyau. Ita ce ma dalilin wannan takarda.

Ranar Talata kin ari kwamfutata don ki fitar da takardar kiranku. Da na dawo daga Wurno na buɗe baƙin allon nan da muke ba na'ura umarni a rubuce, na danna kibiyar sama don in dawo da abin da na buga da safe. Sai na ga layukan da ba nawa ba. Ni na koya miki grep, mai bin fayil fayil yana zaƙulo duk layin da kalma ta fito a ciki. Abin da na manta ban koya miki ba shi ne allon nan ɗan tsegumi ne, duk abin da aka buga masa yana ajiyewa.

Kin shiga foldar da nake rubuta abubuwan yau da kullum tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali. Kin nemi Sadiku. Kin nemi Nura. Sannan kin nemi sunanki. Kin sake nema da manyan haruffa, kin sake da rabinsa kawai. Na maimaita duka yadda kika yi. Sunayen ƙannenki suka cika allo suna gudu: Sadiku ya fasa tulu, Nura ya haɗiye kwabo, Sadiku ya sake fasa tulu. Da na zo kan naki, na'ura ta ɗan yi jim, ta dawo ba ko layi ɗaya.

Ban ji haushin leƙen da kika yi ba. Da ni ce ma zan leƙa, sai dai zan share sawuna. Abin da ya dame ni shi ne kwana ukun da suka biyo baya. Kina gaishe ni a durƙushe, kina kawo mini ruwa, kina cewa “to, Adda” ga duk abin da na faɗa. Kin daina shigowa ɗakina ki kwashe mini man shafawa. Yarinyar da ta daina yi wa uwarta sata ta yanke wani hukunci a ranta, kuma ba na so ki hau mota da shi.

Kin san ni, in aka ce in yi magana mai laushi baki da baki, sai in koma gyara wa mutum lafazi. Don haka zan ba ki labarin kurakuraina a rubuce, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Shekarata ta biyu a ofishin gona da dabbobi aka kawo mana kwamfutocin da ba su da komai sai baƙin allo. Wani mutum ya zo daga Kano ya koya mana na 'yan kwanaki ya tafi. Kowa ya koma wa biro, ni kuwa na liƙe, saboda ina da digiri kuma ina so a sani. Wata rana aka nemi sunayen makiyayan Kangire da aka yi wa shanunsu allurar riga-kafi, don a san rugar da ta rage. Malam Hamisu ne ya shigar da su, dattijon da ya fara aiki da tafireta tun ban san hanyar makaranta ba. Na buga find, mai nemo fayil da sunansa, bai kawo komai ba. Na sake, shiru. Sai na miƙe a gaban mutane na ce, “Malam Hamisu, ba ka shigar ba. Na'ura ba ta ƙarya.”

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, “Hajiya, na shigar. Amma tunda na'ura ta faɗa, to.” Ya ɗauki kundin takardu ya zauna ya fara sabon bugu da yatsu biyu, har aka yi la'asar.

Washegari na gane abin da na yi. Shi find daga inda ka tsayar da shi yake farawa, ya gangara ƙasa. Ni kuwa na tsayar da shi a cikin foldata, na ce ya nemo abin da ke cikin foldar wani. Da na sa shi ya fara daga tushe, ga fayil ɗin nan zaune, har da ranar da dattijon ya adana shi. Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na tozarta shi a gabansu. Ya ce ba komai, kuma daga ranar har ya yi ritaya bai sake kawo mini gyaɗar gonarsa ba.

To ki riƙe wannan. In kin nemi abu ya dawo wayam, tambaya ta farko ita ce: a ina na tsaya? Na'ura ba ta ƙarya, gaskiya ne, amma abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa. A can za ki yi aiki da mutanen da suka girme ki, wasunsu ba su iya abin da kika iya ba. Kada ki ɗaga murya a kan mutum saboda allo ya nuna miki fili.

Na biyu ya fi ciwo, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai babanki. Kin sha tambaya me ya sa Sadiku da Nura suke da hotunan jarirantaka ke ba ki da ko ɗaya. Ina ce miki gara ta cinye. Gara ta ci na takarda, wannan gaskiya ne. Amma kafin ta ci na riga na kwafe su duka a kwamfuta: ranar sunanki, ranar da kika fara zama, da wanda kika kama kunnen akuya kina dariya. Matsalar ita ce ke 'yar fari ce. A gidanmu mace ba ta zama tana kallon hoton ɗan farinta, balle a ofis, balle kakarki ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, tana iya leƙowa ta kafaɗata a gida. Sai na yi dabara irin ta mai ilimi. Na zuba su a folda, na raɗa mata suna “tsohon rahoton taki”, don na san ba mahaluƙin da zai buɗe ta.

Shekaru suka wuce, kwamfuta ta cika. Na rubuta umarni ɗaya mai kyau, gajere, wanda zai nemo duk abin da sunansa ya fara da “tsohon rahoto” ya share shi nan take. Har na ji daɗin kaina. Sai bayan sati biyu, ina son ganin kunnen akuyar nan, na tuna.

Babanki ya same ni zaune a bakin gado, ya ce, “Lafiya? Wa ya rasu?” Na ce rahoton taki ne ya ɓace. Ya dube ni ya ce, “Ashe haka kike son aikin gwamnati.” Da na gaya masa gaskiya bai yi dariya ba, kuma kin san abin da wannan yake nufi a wurin babanki.

Darasi biyu ne a nan. Kada ki taɓa haɗa nema da sharewa a numfashi ɗaya. Ki nema tukuna, ki karanta abin da ya fito da idonki, layi layi, sannan ki share in har yanzu kina so. Haka da mutane: kafin ki yanke hulɗa da ƙawa ko ki goge lambar wani, ki dubi abin da zai tafi tare da shi. Ɗayan kuma, abin da kike ƙauna ki ba shi sunan da ke kanki za ki gane. Ni na ɓoye ki har na ɓoye wa kaina.

Yanzu Asabe ta sake leƙowa tana tambaya ko a sa miki turmi ƙarami. Na ce a sa babba, da taɓarya, ki riƙe a cinya har ki isa. Ta ce in ci gaba da rashin kunya, akwai Allah.

Na uku shi ne ainihin abin da nake so ki ji, kuma ya shafi Inna, mahaifiyata.

Kin fi ni sanin Inna ta wani ɓangaren, domin ke ta goya. Da aka yaye ki aka kai ki Gwaram wurinta kamar yadda ake yi, kika zauna har kika gama firamare. A can kika ji kawunnanki suna ce mini Adda, kika ɗauka, har yau. Ni ma 'yar farinta ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in zo sai ta ce da wani, “Kira mini waccan.” Na san al'ada ce. Na ma taɓa rubuta takarda a kanta a jami'a, aka ba ni maki mai kyau.

A shekarunta na ƙarshe Kawunki Bello ya riƙa zama da ita da rana a gindin tsamiya yana ɗaukar hirarta a waya: daga ina kakanninmu suka taso, yaushe suka daina yawo suka kama noma, wace saniya ta haifi wace. In an yi hutun makaranta sai ya zauna ya buga a rubuce. Bayan rasuwarta ya kawo mini duka a filas, ɗan abin nan na adana fayil. Kin san abin da na fara yi? Abin da kika yi ranar Talata, har tsarin ma ɗaya. Na nemi Bello, ya fito. Na nemi Usmanu, ɗayan kawunki, ya fito. Na nemi Saye da Wule, shanunta, suka fi kowa fitowa. Na nemi sunana, babu.

Duk makin da na samu a jami'a bai hana ni rufe kwamfutar in shiga ɗaki ba. Na ce a raina, al'ada al'ada ce, amma mace ta yi ta magana wata da watanni, ta tuna saniyar da ta mutu tun ana fari, ba ta tuna ni ba? Ban karanta rubutun ba. Na nema kawai, ban samu ba, na ajiye. Kusan shekara ban taka Gwaram ba, ina cewa aiki ya yi yawa.

Bello ne ya zo da kansa da Babbar Sallah. Ya ce, “Adda, kin karanta kuwa?” Na ce na duba, na ga tarihin shanu ne. Ya ce, “Me kika nema?” Na gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, “Ke da iliminki! Inna za ta kama sunanki a gabana? Nemi ‘mai boko’.”

Na nema. Allo ya cika. Amma layi ɗaiɗai ne, guntu guntu, ba kai ba ƙafa. Sai na ƙara wa umarnin -C 3, wanda yake nuna layi uku kafin kalmar da layi uku bayanta. Ki koyi wannan, ya fi duk sauran amfani. Layi shi kaɗai yana iya sa ki tsani mutum. “Mai bokon nan ba ta iya tatsa ba,” in ji wani layin. Na ƙasa da shi kuwa: “hannunta na alƙalami ne, na hana a matsa mata.”

Akwai inda take ba Bello labarin ranar da aka kai ni makarantar kwana. Abin da ni na tuna shi ne ba ta fito ba. Na hau bayan a-kori-kura da akwatina, ina ta waige, ƙofarta a rufe. Ga abin da ta ce, na haddace shi: “Da motar ta tashi na bi ta bayan gonar dawa har bakin titi. Maza suka ce ina zuwa, na ce maraƙi ne ya ɓace. Maraƙi kuwa yana nan ɗaure a turke. Na tsaya har na daina jin kukan motar.”

Na karanta wannan shekara talatin da wani abu bayan ranar, ita kuma tana ƙasa. Ba wanda zan je in ce wa na gani.

Ga babban kuskurena, wanda ya fi na Malam Hamisu da na hotuna. Na san wannan ciwon da kaina. Na san yadda ake zama a gaban allo babu komai a kansa. Duk da haka na bar ki kika girma a cikin irin shirun, ina ce wa kaina ai yarinya ce mai hankali, za ta gane. Ni ma mai hankali ce aka ce, kuma ban gane ba sai da Bello ya dafa bango. Na ɗauki kunya na mai da ita wurin ɓuya, saboda ta dace da halina. Inna tana da uzuri, haka ta tarar kuma ba ta san wata hanya ba. Ni na sani, na ga dai wannan ta fi mini sauƙi.

Don haka ba zan jira wani ya gaya miki bayan raina ba. Kalmar da za ki nema ita ce baƙuwa. Haka nake kiranki a rubutu tun kina Gwaram, lokacin da ake kawo mini ke da hutu da 'yar jakarki, kina tambayar inda ake ajiye ludayi a gidan ubanki. Ki buga haka:

grep -ri -C 3 "ba.uwa" rubutu

Rubutu dai sunan foldar ne. Ɗigon da ke tsakiya yana tsayawa a madadin kowane harafi, domin wasu shekarun kwamfutata ba ta da ƙa mai lanƙwasa. Za ki ci karo da baƙin gaske biyu ko uku, har da wata mata da ta zo kwana biyu ta yi wata guda. Ki tsallake su. Sauran duk ke ce. Za ki ga lokacin da kika yi ƙyanda a Gwaram, na je sau huɗu a sati ɗaya ina cewa aikin allura ne ya kawo ni, alhali ko kaza ba a yi wa allura ba a watan. Za ki ga inda na ce kin gaji taurin kan dangin ubanki. Wannan ki karanta na sama da na ƙasa kafin ki yi fushi, ko da yake ban janye ba.

Kwamfutar taki ce yanzu, ofis sun ba ni wata. Ban cire komai ba, ban gyara komai ba, duk da akwai wuraren da na so. Kalmar sirrin tana bayan wannan takarda. Ki canza ta, kuma kada ki sa ranar haihuwarki, kowane ɓarawo daga nan yake farawa.

Sauran nasiha kaɗan ce, don goggonki ta riga ta yi miki mai yawa. Inda za ki, mutane suna da nasu hanyoyin nuna kulawa, ba lalle su yi kama da namu ba. Wata za ta yi miki tsawa tana tura miki abinci. Wani ba zai amsa gaisuwa yadda kika saba ba, amma shi zai tsaya miki ranar da kika rasa mota. Kada ki nemi kalmarki a bakinsu ki ce babu. Ki saurara ki ji tasu. Kuma in abu ya tsaya miki a rai game da mutum mai rai, ki je ki tambaye shi. Ni ina ɗakin da ke kallon naki kwana ukun nan, taku bakwai ne, na ƙirga. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko ba daɗi. Ki kira babanki kullum, don shi ba shi da kunyar kowa, zai yi ta kuka a gaban ɗalibansa.

Na tsaya nan jiya, yanzu safiya ce, an idar da sallah, ana ɗora kayanki a mota. Ba zan raka ki tasha ba. Babanki da Asabe za su je, kuma Asabe ita kaɗai ta isa taron rakiya. Ni ana jirana a Wurno, da gaske wannan karon, akwai garke uku da ba a yi wa allura ba.

Abu ɗaya ya rage. Ɗazu kafin kowa ya fito na buɗe sabon fayil a cikin foldar nan. Layi ɗaya ne a ciki. Na daɗe a kansa fiye da yadda na daɗe a kan wannan takarda duka, na waiga sau biyu ko da mai kallo. Ba zan gaya miki sunan fayil ɗin ba, ba kya buƙata. In kin isa, kin huta, kin yi wanka, ki buɗe baƙin allon, ki sake buga umarninki na ranar Talata, na ukun, yadda kika buga shi. Wannan karon zai amsa miki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, har da man shafawa. Ke ma ki yafe mini.

Ina jin muryarki a tsakar gida kina ce wa Asabe jakar ba za ta rufu ba. Ɗan acaɓa yana ƙofar baya yana ta hon. Zan sa takardar a aljihun jakar kwamfuta, in ja ƙofar ɗakina, in fita ta nan.

Wassalam,
Addarki